Hatsin Ci da Hatsin Iri

Duk wanda ya tsaya da hantsi a bakin babbar kasuwar Maraɗi, ko a Kasuwar Dole ta Damagaram, zai ga samari jere a kan babura suna jiran fasinja. Da yawa daga cikinsu ba haifaffun birni ba ne. Bari a ɗauki ɗaya daga cikinsu a yi misali da shi. A ce shekarunsa 24, ya fito daga wani ƙauye a ƙasar Tasawa, yana kabu-kabu da babur ɗin wani. Kowace yamma yakan kai wa mai babur abin da suka yi yarjejeniya, ya fid da kuɗin mai, ya ci abinci, sa'an nan a ce jika biyu ta rage masa a aljihu, watau sefa 2,000. Ya ƙulla a ransa sai ya sayi nasa babur, domin ya daina yi wa wani aiki. Saboda haka kullum yakan ware jika ɗaya ya ɓoye a inda ba wanda ya sani. Cikin wata shida ya tara jika 150 da ɗoriya.

Ran nan da dare sai wayarsa ta yi ƙara. Ƙanen mahaifinsa ne daga ƙauye. Bayan gaisuwa mai tsawo, an tambayi gajiya da sanyi da mutanen birni, sai tsohon ya ce an yi masa haihuwa, suna ya matso, rago kuwa bai samu ba, ko yaron zai taimaka da jika 40. Saurayin ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, kasuwa ta mutu kwanakin nan, ko na abinci da ƙyar nake samu." Tsohon ya ce ba kome, Allah ya buɗa. Aka rufe waya.

Tambayar da ke nan ita ce, saurayin nan ya yi laifi? Abu biyu ne ya aikata a cikin numfashi ɗaya: ya hana, ya kuma yi ƙarya. Mutane sukan haɗa su wuri ɗaya su yanke hukunci, waɗansu su ce marowaci ne wanda birni ya lalatar, waɗansu su ce ya yi dabara. Amma ya kamata a raba su, gama nauyinsu ba ɗaya ba ne.

A fara da hanawa. A ƙauyen da saurayin ya fito, tun kaka da kakanni an riga an amsa tambayar nan, "Guminka na wa ne?" Akwai gandu, gonar gida, wadda kowane namiji yake noma a ƙarƙashin mai gida. Daga cikinta ake ci, ake biyan haraji, ake yi wa saurayi aurensa na fari. Akwai kuma ƴar gonar da mai gida yake yanka wa saurayi, wadda mutanen Maraɗi suke kira gamana, a Kano da Katsina kuwa gayauna. Yakan nome ta a ranakun da aka ware masa, ko da yamma bayan an tashi daga gandu, abin da ya samu a ciki nasa ne, ko riga ya saya ko akuya. Ba wanda zai ce masa marowaci don bai zuba geron gamana a rumbun gandu ba. Ba wanda kuma zai yarda ya bar gandu ya wuni a gamana. Iyaka tana nan a fili, kowa yana ganinta da ido.

Hatsin kansa ma ba ɗaya ba ne. Akwai na ci, akwai wanda ake tsimi saboda baƙar shekara, akwai iri. Tun a gona manomi yake zaɓen zangarniya mafi kyau ya ɗaure ta dabam. Ko da maƙwabci ya zo da kukan suna ko na aure, ba zai ce a kwance masa dammen iri ba, in ma ya faɗa, garin duka zai ce ba shi da hankali. Manomin da ya hana iri ba ya bukatar ya yi ƙarya. Ya isa ya ce, "Wannan iri ne," magana ta ƙare.

To, ga inda wahalar saurayin birni take. Takardar jika ɗaya ba ta da alamar da za ta nuna ko ta ci ce ko ta iri. Wadda ya ɓoye domin babur da wadda zai sha shayi da ita, kamarsu ɗaya. Abin da ya samu a kan titi kuma ba a san ko gandu ba ne ko gamana. Shi a ganinsa gamana ce, gama shi ya sha rana da ƙura, shi ya tsallake haɗari. Su kuwa na gida a ganinsu gandu ne, gama hannunsa ya ragu a gona sa'ad da ya tafi, waɗansu suka nome masa rabonsa, uwarsa ta sayar da akuya ta ba shi kuɗin mota. Kowa yana da gaskiyarsa, ba mai gida kuma da zai tsaya ya yanka iyaka.

Dā akwai wani abu da yake tsare ɗan ci-rani, ita ce nisa. Yakan tafi bayan kaka, Kano ko Legas ko Abijan, ba a jin ɗuriyarsa sai saƙon baki. Duk abin da ya samu yana nan a ɗaure a layarsa ko a hannun mai masauƙinsa, har ruwan fari ya kusa, ya komo da shi dunƙule. Da dunƙulen nan ake sayen sa, ko a kai kuɗin aure. Nisa ita ce rumbunsa. Yau kuwa kusan kowane ƙauye akwai salula, akwai kuma wuraren aika kuɗi irin su Nita da Al Izza a garuruwa manya da ƙanana. Bukatar da ta taso da safe, kafin azahar ta iso kunnen ɗan birni, kafin la'asar ana sa ran kuɗi ya isa. Wannan alheri ne babba, ya ceci rayuka da yawa, gama mai naƙuda ko mai zazzaɓi ba ya jiran damina. Amma ya rushe katangar rumbun. Kuɗin da dā yake taruwa ya zama sa, yanzu yana fita jika biyu yau, jika biyar gobe, a ƙarshen shekara ba a ga abin da aka yi da shi ba.

Kada fa a ɗauka na gida maroƙa ne kawai. Wanda ya faɗi haka bai san zaman ƙasar nan ba. Ɗan kabu-kabu ba shi da inshora, ba shi da fansho. Ranar da mota ta buge shi, ba banki ne zai ɗauke shi zuwa asibiti ba, ba banki ne zai kwana a gindin gadonsa ba. Ƙanen mahaifin nan da aka hana jika 40, shi ne zai sayar da tunkiya ya hau mota ya zo. Abin da mutum ya zuba a cikin dangi ajiya ce ita ma, tsohuwar ajiya kuwa, wadda ta girmi banki da takardar kuɗi. Shi ya sa ake cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Dattawa suna kuma da dalilin da ya sa ba su amince da ajiyar takarda ba. A 1990 babban bankin raya ƙasa na Nijar, BDRN, ya durƙushe, masu ajiya suka sha wuya. A cikin shekarun 1990 ma'aikatan gwamnati sun yi ta bin bashin albashi na watanni, dangi da masu kanti na unguwa ne suka riƙe su. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa: dā sefa 50 ke sayen faran ɗaya na Faransa, aka wayi gari sai 100. Wanda ya binne kuɗi a tukunya, rabin ƙarfinsu a kan kayan waje ya tafi yana barci, wanda kuwa ya sayi saniya ko ya aurar da ƙanensa bai yi hasarar kome ba. Ƴan kasuwar bakin iyaka, na Maraɗi da Ƙwanni, sun sake ganin irin wannan a kan naira, wadda ta rasa fiye da rabin darajarta a gaban dalar Amurka tsakanin tsakiyar 2023 da farkon 2024. Tsohon da ya ce wa yaro, "Ka ajiye a cikin mutane," ba jahilci ne yake magana ba, abin da ya gani ne.

Duk da haka akwai abin da ajiyar cikin mutane ba ta iya yi. Tana hana mutum faɗuwa, amma ba ta ɗaga shi sama. In duk abin da ya shigo aka raba shi nan take, gida zai ci yau, gobe kuma a sake miƙa hannu ga saurayin nan ɗaya, wanda har yanzu yake kan babur ɗin wani. Da ya sayi nasa, abin da yake kai wa mai babur kowace yamma da ya zauna a hannunsa, da kuma abin da zai iya aikawa gida ya ƙaru har shekaru. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Saboda haka hanawar da ya yi, in an auna ta da ma'aunin ƙauyen kansa, ba rowa ba ce. Iri ya hana. Marowaci shi ne wanda yake tarawa domin tarawa, wanda ganin kuɗin ne daɗinsa. Mai tanadi kuwa yana da ranar da zai buɗe, yana da abin da zai shuka.

Amma a nan sai a faɗi wata gaskiya wadda samari ba su son ji. Ba dukan kuɗin da ake cewa dangi sun cinye ne dangi suka ci ba. Akwai fada. A Yamai da Maraɗi da Damagaram da wuya a sami unguwar da ba ta da wurin da samari suke shimfiɗa tabarma ko su jera benci, a ɗora buta a kan gawayi, a sha shayi na fari da na biyu da na uku har dare ya raba. Ana sayen sukari da ganye, ana sa kati a waya, wani ya sha taba, wani ya yanki tikitin cacar ƙwallo yana jiran wasan Ingila ko na Sifen ya sa shi ya yi arziki. A ce duka-duka dala ɗari ce take fita a yini, watau sefa 500. Ba wanda yake jin zafinta. Amma a shekara ta zama sefa 182,500, fiye da albashin wata huɗu na mafi ƙanƙantar albashi da doka ta tsayar a Nijar, wanda ya koma sefa 42,000 a 2024. Saurayin da ya ce wa ƙanen mahaifinsa babu, in da daren nan ya zuba jika a caca, to, ba iri ya tsare ba, son ransa ya tsare. Ga kuma shaddar salla da sabuwar waya, waɗanda ake saya don kada a raina mutum, har a riƙa yi wa rogo ganin kitse. Wannan ma yana komawa kansa, gama hoton da ya sa a Facebook cikin sabuwar shadda yana isa ƙauye, a can kuwa da hoton ake auna abin da za a roƙa.

Ba daidai ba ne kuma a zagi fada a wuce. A nan ake jin labarin aiki, a nan ake haɗa gudummawa in ɗaya ya yi rashi ko ya shiga hannun hukuma, a nan baƙo yake samun ƴan'uwa a garin da ba shi da kowa. Akwai ma abin da ya fi wannan zurfi. Tanadi yana bukatar mutum ya gaskata gobe za ta zo da wani abu. Saurayin da ya gama lakwal, ya riƙe takardarsa shekara biyar ba aiki, ya lissafta kuɗin sadaki da akwati da ɗaki da buki ya ga sun kai abin da ba zai tara ba ko cikin shekara goma, sai dala ɗari ta zama ba kome a idonsa. Me za ta ƙara? Gara a sha shayi da ita yau. Cacar ma daga nan take samun ƙarfinta, gama ita kaɗai ce take yi masa alkawarin tsallake ramin da tafiya sannu ba za ta ƙetare ba. Ƙarya take yi masa, amma wanda ya kira shi rago bai ga ramin ba. Iyayen da suke tsawwala kayan aure suna da hannu a cikin kowace butar shayi da aka ɗora saboda fid da zuciya.

Yanzu sai a komo ga ƙarya, gama ita ce laifin da ya fi wuyar wankewa. Me ya sa saurayin bai ce, "Baba, ina da shi, amma na babur ne" ba? Kunya ce ta hana shi. Ɗa ba ya duban ƙanen mahaifinsa ya ce akwai amma ba zan bayar ba. A al'ada "babu" ta fi "a'a" ladabi, har ma wani zai ce ƙaryar nan girmamawa ce, ta rufa wa tsohon asiri, ta rufa wa yaron. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan. Sai dai a duba abin da take haifarwa sa'ad da kowa yake yinta. In kowane ɗan birni yana cewa babu ko da akwai, kalmar ta mutu. Na gida sun sani, saboda haka ba su karɓar "babu" ta fari, sai su matsa, su aiko uwa, su ƙara wa bukata gishiri, ciwon kai ya zama ciwon ajali. Ɗan birni shi ma ya sani, sai ya riƙa rage rabin duk abin da aka faɗa masa. Ranar da babu ɗin ta zama gaskiya ba wanda zai gaskata shi, ranar da ciwon ya zama na gaske shi ma zai yi jinkiri. Zumuncin da ake so a tsare da ƙarya ya koma ciniki tsakanin mutum biyu da ba su yarda da juna ba. Shi kansa saurayin ya zama mai ɓoyo, yana tsoron a ga ya ci nama, yana ƙin ɗaukar waya in ya ga lambar gida.

Abin mamaki, mata sun riga maza samun mafita. Budurwa mai sayar da abinci a bakin tasha, ko mai ɗinki, ko mai kitso, da wuya a same ta ba ta cikin adashe. Ita ma tana da nata ramukan da kuɗi suke zurarewa, ankon buki da gudummawar ƙawaye wadda ake rubutawa a rama, wani lokaci har a ninka. Amma in an tambaye ta kuɗi takan ce, "Na zuba adashe, kwasata sai wata uku," kowa kuwa ya yi shiru. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma ce a'a ba. Adashe dammen iri ne wanda jama'a duka suka yarda da shi. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani aiki da matan karkara a jihar Maraɗi wanda aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Mata sukan taru kowane mako su zuba abin da suka amince a asusu, su ba juna rance daga ciki, a ƙarshen zagaye su raba. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka har da waje, a yadda aka saba yinsa kuwa akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mutum uku, ba ya buɗuwa sai a gaban taro. A kan ware kuma ɗan asusu na dabam domin ciwo da rashi. A lura da hikimar: mace ba ta iya buɗe akwatin ita kaɗai ko da mijinta ya matsa mata, ko da zuciyarta ta matsa mata. Sun sake gina katangar da nisa take ginawa dā, sun kuma bar ƙaramar ƙofa domin ranar wuya.

Adashe yana da nasa haɗari, ana jin labarin uwar adashe da ta gudu, ko wanda ya kwasa da fari ya daina zubi. Kuɗin kuma ba ya haihuwa a ciki. Amma samarin da suka kafa shi a fadarsu, ko a tashar kabu-kabu, har ɗaya bayan ɗaya suka sayi babura, sun sami abin da mai ɓoyewa a ƙarƙashin katifa bai samu ba, sun sami amsar da za su iya faɗa da rana tsaka.

Saura ɗaya, shi ne gandu. Ba shi yiwuwa saurayi ya ce duk abin da ya samu iri ne. Wanda ya yanka wa gida rabo sananne, ko jika goma a wata, ya sa shi a hannun mahaifiyarsa ko babban wansa, ya ce duk mai bukata ya nufi can, ya komar da iyakar nan da kuɗi suka shafe. Wannan ba ya yiwuwa sai dattawa sun yarda, su da ba za su taɓa surfa iri su yi tuwon suna da shi ba. Dattijon da ya san darajar damme a rumbu amma ya ƙi ganin darajar jika 150 a hannun ɗansa, shi ne yake koya wa yaron ƙarya.

Ko an yi duk wannan, akwai ranar da ba dabarar da take isa. A yunwar 1984, da ta 2005, gidaje da yawa sun ci irinsu, ba kuwa don wauta ba, gama wanda ya mutu da rani ba ya shuka da damina. Iri domin rai aka ajiye shi. Wuyar ita ce rarrabe ranar da rai ne yake kira da ranar da fita kunya ce kawai, ta waya kuwa muryoyin biyu kamarsu ɗaya.

A ce bayan wata biyu wayar saurayin nan ta sake ƙara. Wannan karo ƙanwarsa ce, tana kuka, an kwantar da Inna a asibiti, an ce sai an yi mata aiki. Bai tsaya lissafi ba. Ya kwance ƙullinsa ya ƙirga jika 120, ya aika kafin a rufe wurin aikawa, da asuba ya nemi izinin mai babur ya hau motar Tasawa. Babur ɗinsa ya ja baya da wata huɗu ko biyar, ba kuwa wanda ya ce masa wawa a fada. A ƙofar ɗakin majinyata ya tarar da ƙanen mahaifinsa zaune a kan tabarma, ya kwana biyu a nan, shi ne ma ya karɓo kuɗin da hannunsa ya kai wurin biya. Saurayin ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya amsa, ya sa masa albarka, ya tambayi hanya da mutanen birni. Bai ce kome a kan ragon suna ba. Amma shi ne ya ƙirga takardun nan ɗaya-ɗaya, ya kuwa san ɗan kabu-kabu ba ya tara jika 120 cikin wata biyu.